Yadda Aka Rufe Maƙerar Surukina

Surukina maƙeri ne, amma ba mai haɗa ƙofa da taga ba. Aikinsa shi ne ya gasa ƙarfe, ya tsoma shi a mai, ya sake ɗumama shi a hankali, har ya zama abin da zai yanka wani ƙarfen ko ya fasa dutse ba tare da ya lanƙwashe ko ya tsage ba. Shi horo yake kiran wannan aiki. Mutanen layinmu suna ce masa Sai-ya-huce, don duk wanda ya zo yana gaggawar karɓar kayansa amsar da zai samu ke nan. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Tela, saboda ɗinki ne sana'ata. Autansa nake aure.

Ina sabuwar zuwa gidan almakashina ya soma tauna yadi maimakon ya yanka. Ina zaune a tsakar gida ina fama da shi Baba ya wuce, ya dubi hannuna. Washegari na nemi almakashi sama da ƙasa na rasa, har na fara zargin mutanen gidan a zuciyata. Da yamma sai ga shi a kan keken ɗinkina, yana ƙanshin baƙin mai. Na sa shi a yadi, ya wuce kamar a ruwa.

Na je ƙofar maƙerar na durƙusa na yi godiya. Daga cikin duhu ya ce, "Wa ya wasa miki shi a da?"

Na ce, "Wani mai inji ne a kasuwa, Baba."

"To ya danne shi a kan dutse har ya yi zafi ya yi shuɗi. Ya kashe masa horo. Kada ki ƙara kai masa ko da allura ce."

Baba ba gadon ƙira ya yi ba. Da ƙuruciyarsa lodin manyan motoci yake yi, yana bin su gari gari. Wata rana sifirin motarsu ya karye a hanya, suka kai wa wani tsohon maƙeri. Baba ya tsaya yana kallon yadda tsohon ya mayar da karyayyen ƙarfe ya zama mai lanƙwasawa ya dawo da kansa. Da aka gama gyara, direba ya yi ta danna oda, Baba ya leƙo ya ce su tafi, shi ya samu wurin zama. Wajen tsohon ya zauna har tsohon ya rasu.

Bayan nan ya sayi fili a bayan gari, inda babu komai sai kwazazzabo da juji. Maƙerar ya fara ginawa kafin ɗakin kwana. Marigayiya Inna, surukata, ta sha ba ni labari tana dariya cewa ta daɗe tana kwana a ɗakin da bai kai na ajiye gawayi girma ba. Bai yi wa maƙerar taga ba, ƙofarta ma ya juya ta inda rana ba ta shigowa. Baƙo yakan ɗauka rowar siminti ce ta sa. Ba ita ba ce. Da ido yake auna zafin ƙarfe, kuma a cikin haske ja yakan yi wa ido ƙarya.

Da na saba da gidan, ni ke kai masa ruwan sha, kuma nakan ɗan tsaya a bakin ƙofa. Kayan aikinsa duk tsoffin ƙarafan mota ne. Kafin ya taɓa kowanne sai ya kanga shi a dutsen wasa ya dubi tartsatsin. Idan tartsatsin ya tafi dogo ba reshe, sai ya jefar, ya ce wannan rago ne, ko shekara ya yi a wuta ba zai yi ƙarfi ba. Idan ya fashe ya yi rassa kamar fure, sai ya ajiye shi gefen dama.

Yana da wani ɗan maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya ɗaure da waya. Ƙarfe na wuta yana taɓa shi da shi. Da zarar ƙarfen ya yi ja har maganaɗisun ya daina kama shi, sai ya ƙara masa wuta kaɗan, ya zaro da awartaki, ya nutsa shi cikin rabin duron baƙin mai. Nan ne hayaƙi ke tashi, baƙi, mai kauri, na ɗan lokaci, ya wuce. Daga nan ƙarfen ya yi tauri har magagari ke zamewa a kansa, amma da za ka yar da shi ƙasa zai iya fashewa kamar kwalba. Sai ya goge shi ya yi fari, ya ɗora shi nesa da garwashi, ya zuba masa ido. Launi yakan fara tafiya a jikin ƙarfen, da fari kamar busasshiyar ciyawa, sannan ruwan zuma, sannan ya yi duhu, daga ƙarshe shuɗi. Aska a launin farko yake tsayar da ita. Cizal ɗin fasa dutse sai ya ɗan wuce ruwan zuma. Sifirin mota har shuɗi. A wannan lokacin ko gobara ake yi a waje ba ya amsa sallama.

Wani lokaci yakan karya guntu don ya ga cikinsa. Ya taɓa miƙo mini biyu a tafin hannu.

"Tela, wanne za ki saya?"

Ɗaya cikinsa yana ƙyalli, tsaba-tsaba kamar sukari. Ɗayan kuwa toka-toka ne, lis kamar gari. Na nuna mai ƙyallin.

Ya yi dariya har da tari. "Haka ake cutar ku a kasuwa. Wannan wuta ce ta yi masa yawa, 'ya'yan cikinsa suka kumbura. Bugu ɗaya ya isa."

Akwai wata malama da ke koyar da ilimin ƙarafa a makarantar koyon sana'a. Wuƙaƙen girkinta ta fara kawowa, daga nan suka zama abokan hira. Wata rana ta same shi ya gasa doguwar sanda, ya tsoma bakinta kawai a ruwa, yana bin jikinta da magagari don ya ji inda taurin ya tsaya. Ya gaya mata cewa wani ƙarfen horonsa a fata yake tsayawa, cikinsa na nan da laushi, wani kuwa yana shiga har ɓargo, kuma ba ka sanin wanne ne sai ka gwada. Ta ce su ma haka suke yi a makaranta, sai dai su da famfo suke fesa ruwan. Ta roƙi guntaye biyu ta tafi da su, ta goge su har suka zama kamar madubi, ta ɗiga musu wani ruwan magani, sannan ta gayyace shi ya zo ya leƙa ta na'urar da ke ƙara girman abu.

Baba ya sa babbar rigarsa ya tafi. Ya dawo yana magana tun daga ƙofar gida, abin da ban taɓa gani ba.

"Tela! Wanda ya huce a hankali, cikinsa layi-layi ne kamar zanen ɗan yatsa. Wanda na tsoma a mai kuwa allurai ne, zube bisa juna, ko'ina allurai! Shekara da shekaru ina jin abin a hannuna, ashe yana da fuska."

Ta gaya masa cewa abin da ke sa ƙarfe ɗaukar horo wani sinadari ne ɗan'uwan gawayi, mai suna kabon. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya daɗe yana cewa shi dama ya san gawayi ba bare ba ne.

Wannan shi ne mutumin da layinmu ya tashi a kansa.

Gari ya yi ta matsowa har ya cim mana. Aka cike kwazazzabon, aka kwashe jujin, gidaje suka tashi. Kusan duk wanda ya yi gini a layin, a ƙofar Baba ya ajiye simintinsa, daga rijiyar Baba magina suka sha ruwa, shi ya gyara musu cizal da diga. Na ƙarshen zuwa shi ne wanda muke kira Mai Bene, ɗan kasuwa mai sayar da kayan lantarki, wanda ya sayi filin da ke manne da mu. Lokacin da ake aza harsashi Baba ya gaya masa da bakinsa cewa ta wannan gefen hayaƙi ke fita, ya juya tagoginsa. Mai Bene ya ce, "Haba Baba, ai mu 'ya'yanka ne, hayaƙinka turare ne." Ya ɗora barandarsa daidai saman maƙerar.

Bai yi wata biyu da tarewa ba turaren ya zama guba. Yau labulen matarsa ya yi baƙi, gobe baƙinsa sun ji wari, jibi ƙarar guduma ta hana shi barcin rana. Abin da ke ƙona mini rai shi ne janaretansa. Wani ƙato ne kamar ɗan maraƙi, ya jingina shi da katangarmu, yana ruri daga safe har yamma, hayaƙinsa na sauka a kan shanyata. Hayaƙin Baba bai wuce a tsoma ƙarfe a ciro ba. Amma na Mai Bene hayaƙin mai kuɗi ne, hanci ba ya jin sa.

Shi ya kafa kwamitin tsaftar layi, ya zama shugaba, ya naɗa maigidana sakatare. Maigidana ba mugun mutum ba ne. Ma'aikacin kantin magani ne, mai son farar riga, wanda tun yana makaranta yake jin kunyar a ce ubansa ne mai baƙin hannun nan. Ranar da manyan layi suka fara tsayar da mota su gaishe shi, tafiyarsa ma ta sake.

Aka kira taro a farfajiyar Mai Bene, aka jera kujerun roba. Mu mata muna daga baya. Baba ya zo ya zauna a gefe, ya wanke hannunsa har ya gaji amma baƙin bai fita ba. Mai Bene ya yi dogon jawabi a kan ci gaba da lafiyar yara, sannan ya ce su ba korar kowa suke yi ba, alfarma ɗaya suke nema: a daina tsoma ƙarfe a mai, a koma ruwa.

"Ruwa ba hayaƙi, ba wari, kuma kyauta ne. Ko ba haka ba, jama'a?"

Aka ce haka ne.

Baba ya ce, "Akwai ƙarfen da ke son ruwa. Irin wanda nake samu ba ya so. Ruwa yana fizge masa zafi da sauri fiye da yadda zai iya ɗauka, sai ya tsage ta ciki. Wani tsagin ma ido ba ya gani, sai ranar da yake hannun mutum."

Mai Bene ya yi murmushi ya dubi mutane. "Baba, ƙarfe ai ƙarfe ne. Sanyi kuma sanyi ne."

Aka yi dariya. Mutumin da Baba ya gyara wa sifirin motarsa kyauta, na gan shi da idona yana dariya har yana buga cinya.

Baba ya buɗe baki zai ƙara magana, sai maigidana ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, a madadin gidanmu, mun amince. Daga yau ba za a sake ganin hayaƙi ba. Ni na ɗauki alkawari."

Aka tafa masa. Baba ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ɗauki hularsa daga gwiwa ya sa, ya tashi ya fita.

Muna shiga ɗaki ni da maigidana, na rufe ƙofa don kada yara su ji.

"Wa ya aike ka? Da bakin wa ka yi shawara?"

"Ke ba ki san zaman mutane ba. So kike a ce gidanmu ne matsalar layi?"

"Layin da ya zo ya same shi? Farar rigar da ke wuyanka, da kuɗin wane hayaƙi aka kai ka makarantar da ta ba ka ita?"

Ya ce in iya bakina. Na ce na iya shi shekaru, yau ya ƙwace.

Na ɗauka Baba zai yi kunnen uwar shegu da su ya ci gaba da aikinsa. Da safe sai na ga ya mirgino duron man ya rufe shi da faranti, ya ɗora dutse. Na ce, "Baba, ai ba ku kuka yi alkawarin ba."

Ya ce, "Ɗana ya yi magana a gaban mutane. Ba ni zan mayar da shi maƙaryaci ba."

Ya yi iya ƙoƙarinsa da ruwa. Ya gwada mai ɗumi, ya gwada wanda ya kaɗa sabulu a ciki, ya gwada shafa wa ƙarfen laka kafin ya tsoma. Malama ta zo ta zauna da shi suna ta shawara, har ta nemo masa wasu guntayen ƙarfen da ke jure ruwa. Ƙananan wuƙaƙe sukan fita lafiya. Amma masu kauri, ko dai horon ya tsaya a fata, ko kuma a ji wata 'yar ƙara daga cikin bokiti, ƙyas, kamar an taka ƙwai. Daga kan kekena nake jin ta. Duk sanda na ji, sai in ji ƙarar jefa ƙarfe a kusurwa ta biyo baya. Kusurwar ta yi ta cika. Abincin da nake kai masa ya fara dawowa da saura.

Manyan masu sayen kayansa masu fasa dutse ne da ke aiki a wani dutse can bayan gari. Shugabansu, wani siriri mai fara'a da ake kira Dogo, ya zo karɓar cizal kamar kullum. Baba ya ce babu.

Dogo ya nuna kusurwa. "Waɗancan fa, Baba? Ai ga su nan tuli."

"Waɗancan gawa ne. Ba zan sa maka su a hannu ba."

"To ka yi mana ko guda biyu da mai, wa zai sani?"

"Ni zan sani."

Dogo ya yi roƙo har ya gaji, ya tafi kasuwa ya sayo irin waɗanda ake kawowa a kwali, masu fenti ja. Na Baba bakin kawai yake yi wa horo, ya bar ƙeyar da laushi don ta sha dukan guduma. Na kasuwar nan an taurara su daga kai har gindi, ba a ko sassauta musu ba. Ba a yi mako ba Dogo ya kai wa ɗaya guduma, ɓallin ƙarfe ya tashi ya shige masa idon hagu. Likitoci ba su iya ceto idon ba.

Kafin labarin ya iso layinmu ya riga ya sake kama. Matar Mai Bene ce ta kawo mini shi, ta zo da yadin da take so in ɗinka mata.

"Kin ji abin da ya faru? An ce cizal ɗin tsohonku ne ya tsiyaye wa wani bawan Allah ido. Dama maigida ya faɗa, tsufa ya zo masa, hannun ya daina daidai. Allah dai ya tsare mana yara."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ninke yadinta yadda ta kawo shi, na sa a ledarsa, na miƙa mata.

"Ba ki auna ni ba."

"Na auna ki sarai. Kai wa wani telan."

Su suka hana shi yin abin da ya iya. Da bai yi ba, mutum ya rasa ido. Sannan suka ɗauki idon suka rataya masa a wuya. Har gobe idan na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Dogo yana fitowa daga asibiti, da bandeji a fuska, ya sa aka kawo shi layinmu. Ya tsaya a ƙofar Mai Bene da guntun jan cizal ɗin a hannu yana ɗaga murya.

"Ga shi nan, ku duba! Wannan na Baba ne? Baba ya taɓa shafa wa ƙarfe fenti? Na roƙe shi ya hana ni, don kada irin wannan ta same ni!"

Mai gadi ya ce maigida ba ya nan, alhali motarsa na ciki. Maƙwabta suka leƙo ta taga suka koma. Wata ta ce wa 'yar'uwarta, ina ji, wai ciwo ne ya taɓa masa kai. Ba wanda ya karɓi guntun ya duba.

Bayan 'yan kwanaki ma'aikatan hukumar tsafta suka zo su biyu, da rana tsaka, suka ce an kai ƙara cewa ana sana'a mai haɗari a cikin gidajen mutane. Ɗayansu yana magana yana ɗaga murya don janaretan Mai Bene ya hana a ji shi. Na nuna masa da hannu na ce, "Wannan fa? Shi iskar asibiti yake fitarwa?" Ya ce shi ba a kan wannan aka aiko shi ba. Baba ya roƙi su bari wutar ta mutu da kanta. Suka ce suna da sauran wurare. Ɗayan ya ɗauki bokitin ruwan ya sheƙa a kan garwashin, toka ta tashi ta cika ɗakin, suka fito suna tari, suka sa kwado. Maigidana yana wurin aiki. Da ya dawo ya ga kwadon, ya wuce ɗaki bai ci abinci ba.

Baba ya koma zama a tsakar gida, hannuwa a kan gwiwa. Bai zagi kowa ba, ni kuwa da ya zaga da na fi samun sauƙi. Hannunsa ya fara yin fari. Jikokinsa suna murna wai Kaka ya yi tsafta.

Masu fasa dutse ne suka fitar da shi. Suka zo da motar kwasar tsakuwa, suka ce sun kafa masa rumfar kwano a gindin dutsensu, inda ba mai baranda. Hukuma ta yarda a buɗe a kwashe kaya. Maza huɗu suka ɗaga uwar maƙera. Dogo da ido ɗaya shi ya rungumi duron man har cikin mota.

Ranar farko Baba ya dawo da wuri, ransa a ɓace. Rumfar a buɗe take ta ko'ina, rana na dukan farin dutse tana dawowa ciki. Ya ce ƙarfe ya kusa narkewa shi yana ganin bai yi ja ba. Na je wurin masu gyaran manyan motoci na roƙi tsohon tamfol, na wanke, na yanka, na haɗa. Allurai sun karye mini ban san iyaka ba, keken ya yi ta kuka kamar zai mutu. Muka kai muka zagaye rumfar da shi. Baba ya shiga ya saki labulen ƙofa, ya hura wuta. Can sai muryarsa ta fito.

"Tela, ɗinkin nan naki ya karkace ta gefen gabas."

"Baba, ku yi haƙuri da shi haka."

"Na yi. Ina ganin ja."

Tsohuwar maƙerar ba ta daɗe a rufe ba. Damina na gabatowa Mai Bene ya ce wa maigidana ruwa zai lalata masa janareta, ga ɗaki a banza, a taimaka masa don zumunci. Maigidana ya kasa cewa a'a. Aka fasa bangon aka fitar da bututun hayaƙi ta cikin gidanmu. Hukumar tsafta ba ta zo ba. Kwamiti bai zauna ba. Ranar na kwashe kekena da yarana na tafi gidan yayata, na ce ba zan dawo ba sai an fitar da abin nan. Abin da ya dawo da ni shi ne na ji Baba da kansa yake dafa ruwan shayinsa.

Ban san abin da ya shiga tsakanin uba da ɗa ba a kwanakin da ba na nan, kuma ba wanda ya gaya mini. Na dai tarar maigidana ya ajiye sakatarcin, ya toshe bututun da tsumma da siminti, janaretan ya koma gidan mai shi. Mai Bene ya daina amsa gaisuwarmu, abin da ban ɗauka asara ba. Amma ba wanda ya ce Baba ya dawo, kuma a layin har yau akwai masu cewa tsohon nan ne ya makantar da mutum.

Dutsen da nisa, ga gwiwoyin Baba sun soma ciwo. Yanzu maigidana ke kai shi a babur kowace safiya kafin ya wuce kanti. Ina kallonsu daga ƙofa: ɗan a gaba da farar riga, uban a baya ya riƙe ƙarfen kujera, ba ya riƙe shi. Ba na jin suna magana a hanya. Maigidana yana ganin hakan ya isa biyan abin da ya yi. Ni ban ga ya isa ba, kuma na gaya masa.

Kwanan baya aka yi ruwa mai yawa, hanyar dutsen ta cika da taɓo. Na ce wa Baba ya huta ko na yini ɗaya, na ƙara da abin da ke raina, cewa mutumin da ya kai shekarunsa bai kamata a ce yana tsallaka kwata don ya je aiki ba, alhali ɗakin da ya gina da hannunsa na nan a ƙofar gida babu kowa ciki. Na yi ta faɗa, har da Mai Bene, har da masu dariyar nan. Ya bar ni na gama, yana naɗe ƙafar wandonsa.

"Dogo ya samo mini gatarin wata tsohuwar tirela, ƙarfen nan da ke riƙe tayoyi," in ji shi. "Mai kauri kamar cinyata. Ban san ko horo zai shiga cikinsa ba. So nake in gani."

Ya ɗauki ledar abincinsa, ya kira ɗansa ya tayar da babur.